Lodin Gilashi Zuwa Kawar

Duk saurayin da ya sauka Sabha da ƙarfi a kafaɗa sai ya biyo ta garajinmu ya ce mini ya iya lodi. Ba na musu da shi. Nakan miƙa masa igiya mai gaba talatin in ce ya naɗe mini ita, in koma gindin bango in ci gaba da shan shayina. Kafin in kai ƙasan kofi sai in ga igiya ta naɗe masa ƙafa, yana tsalle yana zaginta. A wurinku lodi ɗaukar buhu ne a jefa cikin mota. Wannan sunansa dako, kuma jaki ya fi ku iya shi. Lodi shi ne ka ɗora kaya a nan Sabha, mota ta yi kwana biyar ko shida tana rawa a kan yashi da dutse, ta ƙetare iyaka, a sauke a Dirku ko Agadas a tarar da kwalbar turare yadda ka ajiye ta.

Sunana Isuhu, mutumin Damagaram ne ni. Aikin gini ya kawo ni Libiya, na yi wata takwas ina kwaɓa siminti a unguwar Sukra har tafin hannuna ya tsage. Wata rana aka zo neman majiya ƙarfi da za su ɗora fulawa a wata babbar mota mai taya goma, na bi su. A can na ga wani tsoho siriri da baƙin rawani a tsaye a ƙolin kaya, bai ɗauki ko buhu ɗaya ba, sai nuni da sanda, kuma kowa yana rawar jiki. Na tambaya aka ce mini Baba Agali ke nan, Buzu daga Agadas, babu motar da ke fita kudu sai ya yarda da ɗaurinta. Tun ranar ban koma wurin siminti ba.

Baba Agali a bayan raƙumi ya koyi sana'ar. Ƙuruciyarsa a ayarin gishiri ya yi ta, yana ɗaure kantun Bilma. Kantun gishiri ba ya son wasa: ka matse shi da yawa ya tsage, ka sassauta ya gogi ɗan'uwansa ya zama gari. Wanda ya saba da wannan, mota ba ta ba shi tsoro. Wata huɗu na yi a hannunsa ban ɗaura ƙulli ko ɗaya ba. Naɗe igiya, warware igiya, duba inda ta fara cinyewa, shanya ta, sake naɗewa. Na ji haushi ƙwarai, har na taɓa ce masa ni ba don in yi kiwon igiya na baro gida ba. Ya dube ni ta saman rawani ya ce, "Kai Badamagare, ita igiyar ta san ka? To bari ta san ka tukuna."

Kayan aikinmu ba su da yawa. Igiya kala biyu, mai kauri ta riƙon jiki da siririya ta haɗa baki. Ƙugiyar jan buhu. Sandar murɗi, wadda ake sa wa a tsakanin igiya biyu a murɗa har su yi ƙara in ka kaɗa su da yatsa. Tamfol, raga, tsofaffin tayoyi na tokare, da wuƙa, wadda abin kunya ce a ga mai lodi ya zaro ta, don duk wanda ya yanke igiya ya nuna bai san yadda ya ƙulla ta ba. Mai nauyi a ƙasa daidai kan ƙafafun baya: fulawa, shinkafa, man girki, tumatirin gwangwani. Makaroni a tsakiya, don shi ba ya son a danne shi. Katifu da barguna a gefe su zama bango. Jarkokin ruwa a rataye a waje, kowace a cikin rigar buhu. Fasinja in akwai su hau can sama su riƙe raga.

Abin da ya bambanta Baba da sauran masu lodi shi ne girgiza. In an gama ɗauri tsaf, mai kaya yana zumuɗin mota ta kama hanya, sai Baba ya ce a fitar da ita bayan gari, a sauka daga kwalta, a shiga inda ƙasa ta yi kunya-kunya a yi ta zagaye kamar awa ɗaya. Mai lodi yana kwance a saman kaya, kunnensa a kan tamfol. Ran da ya fara hawar da ni, da muka tsaya ya ce, "Mi ka ji?"

"Ban ji komi ba, Baba, sai ƙugin inji."

"To kunnenka bai buɗe ba. Koma."

Sau uku muka zagaya. A na ukun na ji wani ɗan ƙis-ƙis can ƙasa wajen hagu, kamar ɓera a rumbu. Muka buɗe, ashe katon ɗin kofunan shayi ne ke gogar ƙarfen mota. Da an bar shi, kafin a kai garin Gatrun a hanyar kudu ya zama tsaki. Bayan girgiza kaya sukan zauna, igiya ta saki da kamar faɗin tafi, sai a sake ɗauri na biyu, kuma wannan na biyun shi ne ɗaurin gaske.

Masu kaya kuwa na gan su iri-iri. Balarabe mai shago a kasuwar Sabha da ke son mota ɗaya ta ɗauki kayan mota biyu. Ɗan Agadas da zai ɓoye maka cewa akwai madubi a cikin katifa sai ya ga ka taka. Mutanen Chadi da ke zuwa da firiji su ce a ɗora shi a kwance. Kowa da yarensa, amma a gindin mota Hausa ake yi, ko mai kyau ko karyayya. Kullum rediyo na cewa shugabannin ƙasashen nan suna shawarar shimfiɗa titi ya haɗa su, a ja wayar lantarki, a sauƙaƙa wa 'yan kasuwa takardu. Ina so su yi, wallahi, don gwiwoyina sun gaji. Amma kafin titin ya zo, abin da ke haɗa kasuwar Sabha da tukunyar mutumin Kawar, can yankin Dirku da Bilma, shi ne direba da igiya.

Sai shekarar da hanya ta mutu. Ba sai na gaya muku wace ba, duk wanda ya zauna a nan ya san lokacin da harbi ya hana mutane fita sayen burodi. Motoci suka yi layi a garaji har tayoyinsu suka sace, tantabaru suka yi sheƙa a ƙarƙashin tamfol. Baba Agali ya ce shi ya tsufa da gudu, ya bi wata ƙaramar mota ya koma Agadas, kuma ban sake ganinsa ba, a can Allah ya yi masa rasuwa. Ni na tafi Zighan, wani gari kusa da Sabha, na yi aikin gonar dabino wurin wasu 'yan garinmu, ina hawa ina yanko nono, ina sare busassun rassa. Na ƙi jinin aikin nan, ƙaya ta gama da hannuna. Da abubuwa suka lafa na dawo garaji, na tarar rabin masu lodi sun watse, masu kaya kuma sun koyi rowar aiki: kowa ya samu ƙarti huɗu da igiyar roba mai ƙarfen matsewa, ya ce ya yi lodi. Sai in wuni uku ban taɓa mota ba.

Ana cikin haka Haj Mas'ud ya aiko a kira ni. Balarabe ne ɗan Sabha, babban ɗan kasuwa, mai tumbi da saurin fushi, wanda ya iya Hausar kasuwa tun yana yaro. Na same shi a ma'ajiyarsa yana zagaye wasu kaya da aka jibge a kan katako. Faifan sola ne, waɗanda mu 'yan Nijar ke kira pano, guda sittin, da famfunan rijiya masu aiki da su. Masu lambu ne na wani ƙauye kusa da Dirku suka haɗa kai suka yi oda, don man da injinan ban-ruwansu ke sha ya fi ƙarfinsu. Shugabarsu wata mata ce, Hajiya Zinaru. Tsarin da suka yi da Haj mai kyau ne: mota ta kai musu pano, ta dawo masa da tumaki da albasa da barkono da ake haɗowa daga kudu. Matsalar ita ce sau biyu yana aikawa, sau biyu ana buɗe mota a tarar da kusan rabi sun yi tsagar gizo-gizo.

"Hajiya ta ce wannan na ƙarshe," in ji Haj. "In ya fashe, su sayi ta Agadas, ni babu, mota babu, tumaki babu. An ce kai yaron Agali. Gaskiya?"

"Gaskiya ne, ya Haj."

"Bahi, da kyau. Ka ɗaura. In ya kai lafiya, duk mota nawa kai ne. In ɗaya ya fashe, ɗaya kawai, wallahi ba ka ƙara taɓa igiya a Sabha, ni zan gaya wa kowa."

Na san zai iya. Maganarsa tana da nauyi a garaji, kuma mutumin da aka ce ya fasa gilashin Haj Mas'ud ko buhun gawayi ba za a ba shi ba. Duk da haka na ce na karɓa, da sharaɗi ɗaya: abin da na ce a yi, shi za a yi.

Ban fara da kaya ba, na fara da direba. Barka sunansa, Batube ne, dogo mai ƙarancin magana, shi ya kai lodi biyun da suka lalace. Na saya masa shayi muka zauna a inuwar motarsa. Kowa ya ɗora laifin a kan hanya, wasu a kan tuƙinsa, shi ya sa da farko ya ɗaure fuska. Na ce masa ni ba laifi nake nema ba, so nake ya tuna a ina ya fara jin ƙarar gilashi.

Ya kurɓi shayi ya ce, "Daga nan har iyaka, babu. Shiru."

"Duk duwatsun nan na bayan Gatrun?"

"Babu. Bayan bawaba ne."

Bawaba ita ce shingen bincike. Ya ba ni labari dalla-dalla. A shingen ɓangaren nan a ce a sauke kaya a gani, a sauke. A shingen ɓangaren Nijar a ce a sake saukewa, a sake. Ma'aikatan ba su yi laifi ba, aikinsu ne su ga abin da ke shiga ƙasarsu, kuma ba wanda bai san irin abubuwan da ake ɓoyewa a ƙarƙashin makaroni ba. Amma in an gama dubawa, wa zai mayar? Direba da fasinja da duk wanda ke kusa, cikin rana, kowa yana sauri. Ɗaurin da aka yi a Sabha ya mutu tun a shingen farko. Abin da ya ci gaba da tafiya tarin kaya ne kawai da igiya a kai.

Nan na gane duk gwanintar da zan yi a garaji banza ce in dai za a kwance ta a hanya. Lodin da ake bukata shi ne wanda ma'aikacin ƙasa biyu zai duba ya gamsu ba tare da an taɓa ƙulli ɗaya ba.

Na ɗauki motar haya na tafi Zighan wurin mutanen da na yi wa aikin dabino. Na dawo da tabarmin kaba tuli, da buhunan soson dabino, wannan jan zaren da ke naɗe a wuyan bishiya, da guntayen kututture da na sa aka yanka mini daidai kamu ɗaya. Da na sauke su a ƙofar ma'ajiya sai ga wani matashi da gilashin ido da riga mai guga ya fito. Shi ne injiniyan da Haj ya ɗauko daga arewa don ya bi kayan ya haɗa su a can, kowa Muhandis yake ce masa. Da ya ga na sa an kwance pano daga kan katakonsu, kaɗan ya rage ya suma. Ya yi ta Larabci yana nuna takarda, Haj yana fassara mini: wai haka kamfani ya jera su a kwance, wai akwai igiyar roba mai ƙarfen matsewa, wai wannan tsohon zai lalata kayan zamani da shara. Na ce a gaya masa kamfani ya jera su ne don jirgin ruwa da kwalta. Gilashi in yana kwance, duk ramin da mota ta faɗa cikinsa yake dukansa, na ƙasa kuma yana ɗauke da nauyin 'yan'uwansa. A tsaye ake tafiya da shi, kamar kantun gishiri.

Na haɗa su bibbiyu, fuska da fuska, tabarma a tsakani, na ɗaure kowane biyu da siririyar igiya su zama abu ɗaya. Na shimfiɗa tsofaffin tayoyi da katifu a ƙasan mota. Na jera su a tsaye, sahu ɗaya a bangon dama, sahu ɗaya a bangon hagu, gefunansu suna kallon tsakiya kamar allunan da aka jingine, na cusa soson dabino a duk kusurwar da ƙarfe zai taɓa ƙarfe. Akwatunan famfo na sa su can gaba, murfinsu yana kallon baya yadda za a buɗe ba tare da an ja su ba. A tsakiya kuma na bar lungu tun daga ƙofar baya har ƙuryar mota, faɗin kamu ɗaya, na tokare shi da kututturen dabino a ƙasa daidai idon sawu da sama daidai kai, don kada sahun biyu su rufta. Aka shimfiɗa katako a sama aka ɗora barguna da katifu.

Haj Mas'ud ya zo ya leƙa ya ga lungu, sai ya riƙe kai.

"Isuhu! Wannan mene? Ɗaki? Za ka kwana? Mota yana tafiya da iska a ciki, iska nake sayarwa?"

"Hanyar ma'aikata ce, ya Haj."

"Cika shi da makaroni!"

"In na cika, a sauke a bawaba. In an sauke, ya fashe. Ka zaɓa."

Ya zage ni da Larabci, na gode wa Allah da ban ji rabi ba. Ya fita, ya dawo, ya sake leƙawa, ya ce in yi abin da na ga dama tunda kaina zan yanka. Da na ce kuma sai an yi girgiza, Muhandis ya cire gilashin idonsa ya goge, ya ce a shiga rami da gangan da pano sittin? Aka shiga. Na kwanta a cikin lungun nan Barka yana zagaye da mu a bayan gari, ƙura tana shiga mini hanci. Na ji wuri biyu suna magana, na ƙara musu soso, na yi ɗauri na biyu. Sannan na ce da ni za a tafi, don ba zan zauna a Sabha ina jiran a aiko mini da labarin kaina ba.

Muka fita da hantsi, ni da Barka da Muhandis a gaba. Kwana biyun farko Muhandis bai yi mini magana ba, duk ramin da muka faɗa sai ya rufe ido yana motsa baki. Ni kuma duk tsayawa sai in zagaya in kaɗa igiyoyi da yatsa in ji muryarsu. A shingen ɓangaren Libiya abin ya zo da sauƙi. Wani soja ya ce a sauke, Barka ya ɗaga tamfol na baya ya nuna masa lungu. Ya shiga da fitilar hannu, ya taɓa nan ya taɓa can, ya buɗe akwatin famfo, ya fito yana kaɗe riga ya ce mu wuce. Barka ya dube ni, karo na farko na ga haƙoransa.

A ɓangarenmu ne aka yi ta. Mun iso da azahar muka tarar da motoci biyar a tsaye, kayansu zube a kan yashi, direbobi sun yi jugum a ƙarƙashin inuwar taya. An kawo sabon shugaban duwan, wato kwastan, kuma ya ce ko allura ce sai an sauke ta ya gani. Barka ya kashe mota ya ce, "Shi ke nan. Wannan ba ya jin magana." Na tuna fuskar Haj, na tuna wunin da nake yi a garaji ba aiki, na ga in aka kwance lodin nan a wannan rana da wannan iska, ko ni na mayar da shi ba zai koma yadda yake ba, don ba katako ba inuwa ba ƙarti masu jin magana.

Na gyara hulata na nufi rumfarsa. Shef ɗin, kamar yadda ake kiran shugaban, ƙato ne, baƙi, da gashin baki, daga jin Hausarsa mutumin Maraɗi ne.

"Ranka shi daɗe, Shef, barka da rana."

"Barka kade. Kamiyon wa?" Ya nuna motarmu da haɓa.

"Namu ne. Pano ne na masu lambun Kawar."

"A sauke."

"Shef, alfarma guda nika roƙo. Taho ka shiga ka duba da kanka. In akwai abin da kake son gani ba ka gan shi ba, ni da hannuna zan sauke maka komi, ba sai ka sake magana ba."

Ya dube ni sama da ƙasa. "In shiga ina? Cikin kaya?"

"Na bar maka hanya."

Ina jin mamaki ne ya tashe shi, ba roƙona ba. Ya zo ya leƙa, ya yi tsaki, ya cire ɗamararsa da hularsa ya miƙa wa na kusa da shi, ya hau. Da ƙyar lungun ya ɗauke shi, a karkace ya shiga yana riƙe numfashi. Ina biye da shi. Ya ƙirga gefunan pano da yatsa, dama da hagu, ya cika sittin. Ya zura sandar ƙarfensa ta inda na bar mata har ta taɓa bangon mota. Ya buɗe akwatunan famfo. Na fara jin sanyi a raina, sai ya zaro takardar kayan daga aljihu ya ce, "Lambar da ke nan, ina take a jikinsu? Ta yaya zan san su ne? Hiddo mini wannan." Ya dafa ɗaya a tsakiyar sahun hagu.

Wallahi ban yi tunanin lamba ba. Ni ban ma san pano yana da lamba ba. A bayansa take, a manne, kuma babu yadda za a fitar da na tsakiya sai an sauke barguna, an ɗaga katako, an kwance rabin mota. Na riga na ba da kalmata. Na tsaya a lungun nan gumi yana bin bayana, na buɗe baki zan ce to, a sauke.

Sai na ji ana taɓa kafaɗata. Muhandis ne ya biyo mu. Ya yi wa Shef magana da Faransanci guntu-guntu, ya roƙi in matsa. Da yake fuska da fuska na haɗa su, bayan kowane biyu yana kallon bayan na kusa da shi, kuma a nan akwai ɗan rami da bai fi kaurin tafi ba. Ya naɗe hannun rigarsa mai guga, ya kunna fitilar wayarsa, ya zura siririn hannunsa a ramin har kafaɗa, ya ɗauki hoto. Ya zaro ya nuna. Ga lamba ɓaro-ɓaro. Shef ya duba waya, ya duba takarda. Ya nuna wani can gaba, aka ɗauka. Ya nuna wani a dama, aka ɗauka. Hannun da na yi ta yi wa dariya a zuci tun daga Sabha, wai bai taɓa ɗaukar abin da ya fi biro ba, shi ya cece ni ranar, kuma na faɗa masa haka a gaban kowa.

Shef ya fito jiƙe sharkaf, ya sauka, ya karɓi hularsa. Sai ya fashe da dariya ya ƙwala wa direbobin nan kira. "Ku taho ku ga aiki! Ku kuna jibga mini kaya kamar juji, ku ce na tsananta. Ga mutum ya yi mini ƙofa. Duk wanda ya zo mini da lodi haka, ba ya kwana nan." Ya buga hatimi, ya tambayi sunana, ya sake tambaya don ya riƙe. Muka wuce muka bar mutane biyar suna leƙen bayan motarmu, ɗaya har yana auna faɗin lungu da hannunsa.

Ranar da muka shiga ƙauyen da safe, kusan duk garin ya fito. Hajiya Zinaru tana gaba, gajeriyar mata mai kaurin murya, ta sa an shimfiɗa tabarmi a gindin dabino. Ba ta yi murna da ganinmu ba, sau biyu tana murna tana komawa gida da ciwon kai. Ta ce, "Malam, kai ne mai ɗaurin? To buɗe mu gani."

Na kwance ƙullin farko da hannuna, wanda na ɗaura a bayan garin Sabha, ba wanda ya taɓa shi a hanya. Aka sauke barguna, aka ɗaga katako. Muka fara fito da su bibbiyu, ina warware igiya, Muhandis yana ɗaga tabarma, Hajiya tana shafa gilashi da gefen mayafinta tana kallonsa a rana. Mutane suna ƙirgawa da ƙarfi. Goma. Ashirin. Wajen arba'in wasu mata suka fara guɗa, Hajiya ta ɗaga musu hannu ta ce ba a gama ba. Biyun ƙarshe su ne na can ƙurya, inda duk birkin da Barka ya taka a kansu yake ƙarewa. Na buɗe su da kaina. Hajiya ta shafa na farko, ta shafa na biyu, ta juya shi, ta sake shafawa.

"Sittin," ta ce. "To yanzu ku yi guɗar."

Daɗin da na ji a wurin nan ban taɓa jin irinsa ba, har na samu taya na zauna a kai. Barka ya fito da wayar tauraron ɗan'adam da direbobi ke tafiya da ita ya kira Sabha. Tun daga inda nake ina jin muryar Haj Mas'ud yana ihu, "Nawa ya fashe? Barka! Gaya mini, nawa?" Barka ya miƙa wa Hajiya wayar.

"Alhaji, Zinaru ce. Tumakinka suna nan a ɗaure. Ƙauyuka uku sun aiko mutane suna tsaye suna kallo, kowa yana son nasa. Ka shirya mana mota biyu." Ta saurara kaɗan, sannan ta dube ni. "A'a, ba ni da wani sharaɗi sai guda. Mutumin nan da ke zaune kan taya, in ba shi ya ɗaura ba, kada ka aiko."